Ina Makarantar Yaron da Ba Ya Iya Zama Wuri Ɗaya?

Duk farkon shekarar karatu akwai iyayen da damuwarsu ta wuce ta kuɗin littafi da ɗinkin kayan makaranta. Su abin da ke hana su barci shi ne samun makarantar da za ta yarda ta riƙe ɗansu har ƙarshen zango. Yaron yana gani, yana ji, yana da wayo, sau da yawa ma ya fi sa'o'insa saurin ɗauke abu. Amma ba ya iya zama a benci na minti goma. Malam na tsakiyar bayani zai jefo magana. Yau ya ɓatar da fensir, gobe takalmi ƙafa ɗaya, jibi a kira uwarsa saboda ya ture wani a layin taron safe. A takardar jarrabawarsa za a tarar ya amsa tambaya ta farko da ta biyu daidai, ta uku ya faro ya bari, sauran shafin kuma zanen mota ne. Makarantar kuɗi takan haƙura da shi zango ɗaya ko biyu, sannan hedimasta ya kira uban gefe ya ce, Alhaji, a gwada wani wurin. Makarantar gwamnati ba ta cika kora a rubuce ba. Takan bar shi da bulala da tsallen kwaɗo da kamun kunne har ranar da shi da kansa zai daina zuwa.

A unguwa an riga an yanke masa hukunci: mai ƙiriniya ne, kunnen ƙashi gare shi, uwarsa ce ta sangarta shi. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin cewa a cikin irin waɗannan yara akwai masu wata lalura ta yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa natsuwa da kame kai, wadda suke kira ADHD. Tun a 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi bayanin yara masu irin wannan hali a laccocin da ya gabatar a Landan. Bincike daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ke da ita, kuma gado na taka rawa sosai. Ma'aunin da likitoci ke bi ba na wasa ba ne. Sai alamun sun bayyana kafin yaro ya kai shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, an gan su a wuri fiye da ɗaya, wato gida da boko ko boko da Islamiyya, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Wasu daga cikin yaran kan haɗa da matsalar ɗabi'a, irin su yawan gardama da manya, saurin fushi da faɗa, wadda kan ƙara tsanani idan an yi shekaru ana dukansu kan abin da ba da gangan suke yi ba.

Idan an ɗauki wannan ƙiyasi aka kai shi ajin firamaren gwamnati a cikin birnin Kano ko Kaduna, inda ba abin mamaki ba ne a ga yara fiye da 100 a gaban malami guda, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi 35, to kusan kowane aji na da irin wannan yaro, wataƙila ma ba ɗaya ba.

Kuma ba duka ne masu tsalle-tsalle ba. Akwai nau'in da shiru yake zuwa da shi, wanda ake yawan rasa ganewa ga 'yan mata. Yarinya na zaune lafiya lau, idonta na kan allo, hankalinta na wata duniya. Ba ta damun kowa, don haka ba mai kula da ita. Ana kiranta daƙiƙiya, tana maimaita aji, daga baya a gida a ce boko bai karɓe ta ba.

Uban da ya gane cewa ɗansa na buƙatar kulawa ta daban, ina zai dosa? Nan ne gizo ke saƙar. Makarantun musamman da ake da su a Arewa an gina su ne domin nakasar da ido ke gani. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato, wadda mishan suka kafa a 1953, ita ce ta buɗe fagen. Ta Tudun Maliki a Kano kurame da makafi take karantarwa. Suna aiki mai daraja cikin ƙarancin kayan aiki, amma yaron da muke magana a kai ba nasu ba ne, kuma kai shi can zalunci ne a gare shi da su baki ɗaya. Makarantun kuɗi masu ƙwararrun malamai na nan jefi-jefi a Abuja da Legas da wasu manyan birane, sai dai kuɗin zango guda a cikinsu ya fi ƙarfin ɗan kasuwar bakin titi ko ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya rage wa talaka shi ne firamaren unguwa, ita kuwa ba a shirya ta don karɓarsa ba.

Doka dai ta yi magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce a tafiyar da makarantun gwamnati ta yadda za su haɗa kowa, kuma kowace makaranta ta sami aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da karatun waɗannan yara. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta sa ido kan dokar. Kafin nan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, ta kuma fitar da manufar ilimin masu buƙata ta musamman a 2015. Takardu kam an cika su. Amma uwa ta shiga ofishin hedimasta a yau ta nemi ganin wannan horarren ma'aikaci, a mafi yawan makarantu kallonta kawai za a yi.

Kuɗin ma akwai inda aka ambace shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin 100 na wannan kaso ne ke zuwa ga ilimin masu buƙata ta musamman. Ɗan abin da ya iso jiha dole ya fara da keken guragu, na'urar ji da kayan rubutun makafi, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da hakan. Yaron da lalurarsa ba ta da sanda ko keke ba ya cikin lissafin.

Inda makaranta ta rufe ƙofa, wani wurin kan buɗe. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Dalilan kai mutane irin waɗannan gidaje sun bambanta, shaye-shaye na kan gaba. Amma iyayen da suka ɗauki ɗansu da hannunsu suka kai shi gidan mari, har suna biyan kuɗi, mutane ne da suka rasa wurin kai kuka. Binciken likitoci ya nuna cewa yaron da ke da wannan lalura, in ba a kula da shi ba, ya fi sauran yara haɗarin barin makaranta da faɗawa shaye-shaye lokacin samartaka. Wanda aka gaji da shi a aji uku, shi ake iya tararwa a bakin tasha yana da shekara 15.

Wannan jarida ba ta cewa duk yaro mai rawar kai mara lafiya ne. Yara an san su da wasa, kuma ajin da aka cusa mutum 100 cikin zafin watan Afrilu ko babba ba zai natsu a ciki ba. Ga kuma abubuwan da ke kama da lalurar alhali ba ita ba ce: yaron da ya fito ba karin kumallo, wanda kunnensa ke ruwa ba ya jin malam sosai, wanda ba ya hango allo, mai nau'in farfaɗiyar da ke ɗauke hankali na daƙiƙoƙi ba tare da faɗuwa ba, da wanda ya ga an kashe mutane a ƙauyensu ya yi gudun hijira zuwa birni. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa kan bar wa wasu yara matsalar natsuwa da ɗabi'a. Gubar dalma ma haka, kuma ba a manta da abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba, inda yara ɗaruruwa suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jininsu. Kowanne daga cikin waɗannan maganinsa daban, shi ya sa tantancewa ta zama wajibi. Addu'a da roƙon Allah ba su hana a kai yaro a duba shi ba, kamar yadda ba su hana a kai mai ciwon ido asibiti ba.

Masu tantancewar kuwa ba su da yawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a kan yara 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga sashen da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Amma a wurin jama'a sunan Dawanau kaɗai ya isa ya sa uba ya fasa, don kada a ce ɗansa ya taɓu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar zamanin Turawa, ta yi tanadin kusantar da wannan kulawa ga jama'a. Asibitin unguwa ne ya kamata ya zama matakin farko, da takarda daga makaranta a hannun uwa.

A Amurka, tun dokar 1975 makarantar gwamnati ce ke da alhakin tantance yaro kyauta, sannan ta zauna da iyayensa a rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa. A 2017 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar wani yaro daga jihar Kolorado, ta yanke cewa dole tsarin ya zama mai kai yaron ga ci gaba na haƙiƙa gwargwadon halinsa. Iyaye a can ma suna shan wahala, wasu sai da lauya suke samun haƙƙin. Bambancin shi ne suna da ofishin da za su je da takardar da za su riƙe makaranta da ita. Wannan ɓangaren ne ya kamata a ara, kuma ba ya buƙatar arzikin Amurka.

Yawancin abin da ke taimakon yaron a aji ba ya cin ko sisi. A zaunar da shi a bencin gaba, nesa da taga da ƙofa. Maimakon a ba shi lissafi goma a tare, a ba shi uku, ya kawo a duba, a ƙara masa uku. Idan jikinsa ya fara motsi, a aike shi ya goge allo ko ya raba littattafai, ya dawo ya zauna. A faɗa masa umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ana kallon idonsa. Akwai kuma dabarar da masana suka gwada suka ga amfaninta: 'yar takarda mai ɗauke da buri biyu ko uku, misali ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, ya gama aikin aji, ya fita tara ya dawo ba faɗa. Malama ta sa alama a gaban wanda ya cika, ya kai gida da rana, uwa ta gani ta yaba masa nan take, ko da da kalma ce ko ƙarin lokacin wasa. Yaron da ya saba sunansa ba ya fitowa sai a jerin masu surutu, ranar da ya kawo takarda mai alama biyu cikin uku yakan shigo gida da gudu yana ɗaga ta. Magani irin methylphenidate na taimakon wasu sosai, amma likita ne ke rubuta shi bayan tantancewa, ba mai kemis ba, kuma ba kowane yaro ke buƙatarsa ba.

Malamin da ba a koya masa wannan ba, ba a yi masa adalci ba idan aka ɗora masa laifin duka. Da dorina aka rene shi, da ita ya ga ana riƙe aji, kuma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Masu horarwar ma akwai su. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo na horar da malamai tun 1977, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero na da sassan ilimin masu buƙata ta musamman. Da yawa daga waɗanda suka kammala suna zaune ba aiki, ko an tura su koyar da darasin da bai shafi abin da suka karanta ba.

Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Idan dole ne uba ya kai ɗansa makaranta, to dole ne makarantar ta iya riƙe shi. Wannan jarida na kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohin Arewa su fara da abin da za su iya a shekara guda. In ba a iya sa horarren malami a kowace makaranta ba tukuna, a sa guda a kowace mazaɓa, yana zagaya makarantunta, a kafe sunansa da ranar zuwansa a ƙofar ofishin hedimasta. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya tanadi takardar tura yaro asibiti, a kuma haramta sallamar ɗalibi saboda ɗabi'a kafin a zauna da iyayensa a rubuta abin da za a gwada na zango guda. A gayyato malaman Islamiyya cikin horon, domin yaron da ya kasa zama a boko da safe shi ne dai ke gabansu da yamma, kuma maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen iyaye.