Tiyon gazuwal ya tsage, kayan miya sun ruɓe: wa zai biya?

Ƴan kasuwa maza da mata, yau maganarmu a kan tsofaffin kamyo ce, waɗanda ke ɗauke da dukiyarku daga Damagaram su ratsa Maraɗi, Madawa, Ƙonni da Dogon Dutsi har Yamai. Kowa ya saba ganinsu tsaye a gefen kwalta, an ajiye reshen itace a baya, yaron mota yana kwance ƙarƙashi, buhunan albasar Galmi suna shan rana. In an tambaya, sai a ce tsautsayi ne. Mu dai mun ce ba kowace tsayawa ce tsautsayi ba. Da yawa daga cikinsu suna farowa ne daga wani tiyo da bai kai kamu biyu ba, wanda ya kamata a canza tun kafin a yi lodi.

Motocin nan sun tsufa, wannan ba gori ba ne. Sunan Berliet ya ɓace daga sababbin motoci tun wajajen 1980, bayan an haɗe kamfanin da Saviem ƙarƙashin Renault a 1978. Ke nan duk Berliet da kuka gani a tasha ta haura shekara arba'in. Ƙarfenta na iya jurewa, roba kuwa ba ta jure shekaru da zafin bazara.

Ga yadda abin yake tafiya. Gazuwal na fitowa daga tanki ta cikin tiyo, ya bi ta matata, ya shiga babban famfo. Famfon shi ke tura shi da ƙarfi ta cikin siraran bututun ƙarfe zuwa bakunan feshi, waɗanda kanikawa ke kira anjekter, su kuma su fesa shi cikin inji kamar hazo. In tiyon roba ya bushe ya tsattsage, ba lalle ne a ga mai yana zuba ba. Iska yake zuƙa. Shi ya sa mota ke ƙin tashi da asuba, ko ta mutu a tsakiyar hawa da kaya cike. In kuma bakin feshi ya ci, maimakon hazo sai ya riƙa ɗigo. Nan ne baƙin hayaƙi ke fitowa, mota ta ƙara shan mai, ƙarfinta ya ragu, in aka ci gaba da haka har fistin na iya ƙonewa. Gyaran da zai tsaya kan ɗan ƙaramin ƙarfe sai ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne irin dabarar da ake yi a maimakon gyara. A ɗaure tiyo da tsumman roba. A sa tiyon ruwa a wurin na mai, alhali gazuwal na kumbura shi, ɓarɓashinsa ya toshe matata. A yi ma bututun ƙarfe walda, ko a kawo na wata mota mai wani tsawo daban, alhali tsawonsu da faɗin raminsu an auna su ne don kowane baki ya sami rabonsa a kan lokaci. A mayar da tsohon zoben jan ƙarfe da ya riga ya matse, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Sai kuma babbar dabara, a ɗora bido bisa kan mota a zuro tiyo zuwa inji. Wannan na iya fitar da mutum daga daji, mun yarda. Amma mun san motocin da ke yin wata da watanni a haka, man yana fantsama kan buhunan gero da wake. Matar da ta sayi hatsi mai warin gazuwal ba ta sake komawa wurin wadda ta sayar mata. Ga kuma wuta, in man ya ɗiga kan salansa mai zafi. (Ku yaran mota, kada ku taɓa laluben yoyon bututun ƙarfe da hannu inji na aiki. Man da ke fita nan yana huda fata, kuma zancen asibiti ne nan take.)

Masu motoci suna da nasu kuka, kuma ba mu raina shi ba. Kayan gyara na asali sun yi tsada, na jabu sun cika shaguna cikin kwali mai kyau. Rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kaya zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin hanya ya hau kan kowane ƙarfe. Ga ƴan kasuwa su ma suna matsa farashin lodi har mai mota ya rasa abin ajiyewa. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ba tsada ta kawo shi ba. Tun 2011 matatar SORAZ ke fitar da gazuwal a Damagaram, amma har yanzu wasu direbobi sun fi son na bido a bakin hanya, wanda ba wanda ya san ko da ruwa, ko ƙasa, ko kananzir a ciki. Sassan cikin famfon nan tsakaninsu bai kai kaurin gashin kai ba, kuma gazuwal ɗin kansa ne ke shafa musu mai. Ragin da aka samu kan lita, bakanike ne zai karɓe shi ninki.

To, wa ke biya in mota ta kwana biyu tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi? Mai mota zai gyara ya ci gaba. Direba ya ci kuɗin abincinsa. Asarar tana kan matar da ta kwashi adashinta ta sari tumatir, ko ɗan kasuwar da ya ɗauki kaya bashi da alkawarin biya ranar kasuwa. Tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi zuwa Yamai cikin watan Afrilu ba ta ba ɗanyen kaya rancen kwana ɗaya.

Don haka muna ganin ku masu kaya kuna da haƙƙin tambaya, kuma ba sai kun zama kanikawa ba. Ku leƙa ƙarƙashin motar inda ta kwana, ku ga ko ƙasa ta jiƙe. Ku sa a tada ta a gabanku, ku dubi hayaƙin. Ku tambayi yaushe aka canza matata, yaushe aka kai bakunan feshi wurin mai na'urar gwaji. Mai motar da ke kula da abinsa zai amsa ba tare da fushi ba, kuma irinsa ya cancanci ƙarin jika ɗaya ko biyu, musamman kan kayan da ke ruɓewa.

Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma, su da ke karɓar la'ada kan kowane lodi, su zauna su tsaida magana ɗaya a rubuce: in mota ta tsaya saboda abin da aka san ya lalace tun daga tasha, kashi nawa na asarar ke kan mai ita, kuma cikin awa nawa zai turo wata motar ta kwashe kayan.