Waiwaye: Jak Ba Ya Riƙon Amana

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, kuma ba a daɗe ba 504 ta cika titunan Arewa. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi rancen mota, ɗan kasuwa ya sayi akori-kura don kaya. Abin da matasan yau ba su tarar ba shi ne yadda masu motocin nan suka san cikin motarsu. Ranar Asabar da hantsi za ka ga magidanci daga shi sai singileti, ya buɗe gaban mota yana goge fulogi, yana duba ruwan batir, yana juyen baƙin mai da hannunsa. Injin ba shi da kwamfuta. Sifana da sukudireba da ɗan haƙuri sun isa.

Mu yaran gida aikinmu miƙo kayan aiki ne da riƙe tocila. Amma kafin a taɓa jak, akwai umarnin da ba ya tashi: "Kai, sa mata waigi." Sai ka ruga ka ɗauko guntun itace mai kauri ka danna a gindin taya, gaba da baya. Wannan ɗabi'a ta 'yan manyan motoci ce. Duk wanda ya ga karen mota ya diro da waigi a hannu tun gingimari ba ta gama tsayawa a kan tudu ba, ya san ba su taɓa yarda da birki shi kaɗai ba. A lokacin mun ɗauka tsirfa ce irin ta manya. Sai daga baya na fahimci lissafin da ke ciki.

Hambirki tayoyin baya kaɗai yake kamawa. A mota irin 504, wadda injinta tayoyin baya yake juyawa, giyar da ka bari a ciki ma can take riƙewa. Ke nan da zarar ka ɗaga bayan motar, ka ɗauke duk abin da ke hana ta tafiya, tayoyin gaba kuwa a sake suke. Motocin da suka fi yawa yanzu, su Corolla da Golf da Camry, da gaba suke ja, saboda haka idan ka ɗaga gabansu hambirki ne kaɗai ya rage maka, shi kuma a mota tsohuwa sau da yawa wayarsa ta saki. Mai atomatik kada ya ce ai ya sa ta a P. Idan ɗaya daga cikin tayoyin da injin ke juyawa ta bar ƙasa, giyar ba ta iya riƙe 'yar'uwarta. Mota kuwa ba sai ta yi tafiya mai nisa ba. Taku ɗaya ta gusa, jak ya kwanta.

Shi kansa jak ɗin, a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Wanda ake samu a but, mai kama da almakashi, an yi shi ne don abu guda: a ɗaga kusurwa ɗaya, a cire tayar da ta yi faci, a sa safaya, a sauke. Gindinsa bai fi tafin hannu ba. Mai amfani da mai kuwa, wanda wani maƙeri ɗan asalin Sukotilan, Richard Dudgeon, ya yi wa rajista a birnin New York a 1851, ƙarfinsa abin mamaki ne, yaro ma zai ɗaga tan biyu da shi. Sai dai duk nauyin nan a kan mai yake zaune, man kuma 'yar robar da ba ta kai zobe kauri ba ce take tsare shi. Roba tana bushewa, tana tsagewa, musamman a zafi da ƙurar ƙasarmu. Wani lokaci jak yakan sauka a hankali har ba ka lura ba, wani lokaci kuma a take. Ƙaramar mota ta haura kilo 1,000, Sienna da Hilux sun kusa ninka haka. Idan irin wannan nauyi ya sauka a ƙirjin mutum, ko bai karya ƙashi ba zai hana huhu buɗewa, kuma wanda ba ya iya jan numfashi ba ya iya kiran kowa.

Iyayenmu ba su da kayan zamani, amma suna da iyaka. Abin da hannu zai kai daga gefe, a yi shi a gida. Abin da sai an shiga ƙarƙashi, kamar salansa ko kulochi, a tafi garejin da ke da rami, inda mota ke tsaye a kan tayoyinta huɗu bakanike yana ƙasa. Kuma 504 doguwar ƙafa gare ta, siririn mutum yana iya kwanciya ya kwance notin baƙin mai ba tare da an ɗaga ta ba.

Ba zan ce zamanin ba shi da aibu ba. Shi ne ya gadar mana da bulo. Har gobe za ka ga mota an ɗora ta a kan bulo biyu ko uku, mutum ya miƙe a ƙarƙashi yana waya. Bulon siminti an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a kansa cikin gini, da kwaɓaɓɓen siminti sama da ƙasa. Cikinsa rami ne, kuma kowa ya san yadda wasu masu buga shi ke cika yashi su rage siminti. Idan ƙarfe ya danne shi a wuri guda, ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, rugujewa yake yi lokaci ɗaya. Katako mai kauri ya fi shi mutunci nesa ba kusa ba, don shi ko zai gaza sai ya yi kuka tukuna.

Yanzu gyaran gida ya dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai mota yana ƙirga kowace naira, ga YouTube cike da masu koyar da canjin birki da juyen mai. Ban ga laifin wannan ba, na ma yi murna. Damuwata ita ce motocin yau sun fi na da kusa da ƙasa, kusan komai sai an ɗaga, kuma 'yar Kwatano takan iso babu littafinta, wani lokaci da jak ɗin wata motar daban a but. Mai bidiyon kuma a kan shimfiɗaɗɗen kankare yake aiki, kai kuwa ƙofar gidanka yashi ne, ko jar ƙasar da ruwan daren jiya ya jiƙa, ko kwaltar da rana ta tausasa.

Don haka wuri shi ne farko: daɓe mai tauri, marar gangara. Idan ƙasa ce, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak. A sa giya, a ja hambirki, a danna waigi a tayoyin da za su zauna a ƙasa. Notin taya a sassauta shi tun motar tana ƙasa, domin fizgar da ake yi wa noti mai taurin kai ita ce ke girgiza mota ta zame. Sannan a durƙusa a nemi wurin da aka tanada don jak. A yawancin ƙananan motoci yana kan haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, da 'yan tsagu biyu da ke nuna shi. Wanda ya kafa jak a ƙasan tukunyar baƙin mai ko a falan ƙarfen da ake taka ƙafa, ya sayi wani gyaran.

Da motar ta tashi, sai matokarin ƙarfe, mai ƙafa uku ko huɗu, wanda ake sayarwa bibbiyu da nauyin da zai iya ɗauka a rubuce a jikinsa. A sauke motar a hankali har ta zauna a kansa, a bar jak yana taɓa ta kawai. Sai ka dafa ta da hannu biyu ka girgiza da ƙarfi. In za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye.

Shi ma matokarin ba a sakar masa jiki gaba ɗaya. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye fiye da miliyan 1.7 daga kasuwa saboda haƙorin da ke riƙe sandar yana iya zamewa, sannan wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu su ma aka janye su saboda matsalar walda. Idan haka ta faru inda ake sa ido a kan kaya, to a kasuwarmu duba waldar da idonka kafin ka biya. Kuma tayar da ka cire kada ka jingine ta a bango. Kwantar da ita a ƙarƙashin motar, daidai gefen da kake aiki, ta yadda ko komai ya gaza motar a kan ƙarfen taya za ta sauka, ta bar maka wurin numfashi. Tsofaffin direbobin tasha sun daɗe suna yin haka.

Yara a kore su daga wurin, kada wani ya shiga ya zauna ko ya jingina. Amma a samu babba guda a kusa, wanda aka nuna wa yadda ake ɗaga jak ɗin tun kafin ka kwanta.