A Bar wa Mai Raha Shafinsa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na kai wa wani malami batun da nake son rubuta kundin digiri a kai: maƙalun raha na jaridu, masu sa ido kan ɗabi'un mutane na yau da kullum. Ko zama bai ce in yi ba, ya ce in nemo abu mai nauyi. Na koma na rubuta a kan jigon wa'azi a rubutacciyar waƙa, na kuma ci. Amma har yau ban yarda da hukuncinsa ba.

Wai me ake nufi da nauyi? Marubucin da ya siffanta baƙon da ba ya sallama sai an sauke tukunya, ko mai cewa ga shi nan a hanya alhali ko wanka bai shiga ba, ya adana mana abin da littafin tarihi ba ya waiwaya. Nan da shekara 50, mai son sanin yadda ake zama cikin A Daidaita Sahu a Kano, wa ke matsawa, wa ke ta laluben aljihu har abokinsa ya biya, ba zai samu a sharhin siyasa ba.

Abin haushin, gadonmu ne muke rainawa. Al'ummar da ke da tashe, da 'yan kama, da wasan Kanawa da Zazzagawa, ta daɗe da sanin cewa akwai gyaran da ba ya shiga sai da dariya. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, da shaƙiyancin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya fara yin suna a Ruwan Bagaja. Shi muna karanta shi a aji cikin ladabi. Mai irin alƙalaminsa a yau kuwa sai a ce ba shi da aikin yi.

Editocinmu ma ba su tsira ba. Siyasa da wa'azi sun cinye shafuka, raha kuwa an bar mata ɗan lungu ana cusa barkwancin da ya gama yawo a WhatsApp. Masu baiwar sun koma Facebook, inda rubutu ke nutsewa cikin kwana biyu, babu editan da zai tace shi, babu ɗalibin da zai tarar da shi a laburare.