Waiwaye: Matakala ɗaya tilo a bene mai hawa 15

Mu da muka sha tafiye-tafiye mun san abin da muke dubawa idan muka sauka a masauki. Mu taɓa katifa, mu murɗa famfo mu ga ko ruwa zai zo, mu tambayi yaron otal ƙarfe nawa ake tayar da janareta, sannan mu gwada sakatar ƙofa. In duk waɗannan sun yi, sai mu yi hamdala mu shimfiɗa darduma. Da wuya a samu wanda zai leƙa waje ya ƙirga hanyoyin da za su saukar da shi ƙasa idan dare ya zo da abin da ba a so. Ba laifinmu ba ne kacokan. Baƙo makahon gari ne, kuma tun zamanin fatake, fatoman da ya sauke ka shi ke riƙe da amanar ranka da ta kayanka har ranar da za ka tashi. Abin da ya sauya shi ne, yau amanar ta rabu gida biyu. Rabi na hannun mai otal, rabi na hannun jami'in da ya sa hannu a takardar gini, wanda ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

A shekarar 1913 aka buɗe otal ɗin Winecoff a kan titin Peachtree, tsakiyar birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka. Bene ne mai hawa 15, ƙashinsa ƙarfe, an lulluɓe shi da kankare da bulo. Masu shi suna tallarsa da cewa wuta ba ta cin sa ko kaɗan, kuma ta wata fuskar ba su yi ƙarya ba, domin ginin yana nan tsaye har gobe. Sai dai dokar gini ta birnin, wadda aka yi a 1911, ta zo da wata togaciya: ginin da filinsa bai kai murabba'in ƙafa 5,000 ba, an yarda a yi masa matakala ɗaya. Don mu gane girman, fulotin nan namu mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, shi ne 5,000 cif. Filin Winecoff bai kai haka ba. Saboda haka aka ɗora hawa 15 a kan abin da bai cika fuloti ba, aka ba shi matakala guda a tsakiya, kusa da lif, babu ƙofar da ta raba ta da farfajiyar ɗakuna. Babu matakalar gudu ta waje, babu bututun yayyafin ruwa a silin. Duk bisa doka.

Wanda ya rubuta wannan togaciya ba mugu ba ne. Ina jin ƙaramin gini ya hango, mai mutane kaɗan, ya ga bai dace a tilasta wa mai ɗan fili ya ba da rabinsa ga matakala ba. Ya auna faɗi, ya manta da tsawo. Haka sassauci yake a ko'ina: ana yin sa da kyakkyawar niyya don wani, sai wani daban ya zo ya shige ta ƙofar.

Shekara 33 otal ɗin yana aiki lafiya. Da asubahin 7 ga Disamba, 1946, akwai baƙi 304 a ciki. Wajen ƙarfe 3:15 wani yaron otal ya lura da wuta, wadda ta taso daga hawa na uku, inda aka jingine katifa da kujera a farfajiya. Ba a kira 'yan kwana-kwana ba sai 3:42. Kafin nan matakalar nan guda ta zama bututun da wuta da hayaƙi ke bi suna hawa, ta rufe hanya ga duk wanda ke sama. Bangon farfajiya an manne shi da buhun algarara mai fenti, ɗakuna kuma an yi ta liƙa musu takardar ado wata kan wata shekara da shekaru. Ginin ba ya ci, amma tufafin da aka sa masa suna ci.

Akwai wani ɗan abu da nake so mu riƙe, don zai dawo mana. A saman kowace ƙofar ɗaki akwai 'yar taga ta shan iska, irin wadda muke gani a tsofaffin ofisoshin En'e da ajujuwan makarantun da. Zamanin ba na'urar sanyaya ɗaki, baƙi da yawa sun kwana da ita a buɗe. Da suka farka suka buɗe tagogin waje suna neman agaji, sai iska ta samu hanya, ta jawo wutar daga farfajiya ta cikin 'yar tagar nan zuwa kansu. Tsanin 'yan kwana-kwana bai kai hawan sama ba. Wasu suka ƙulla zannuwan gado suka zuro, wasu suka diro. Mutum 119 suka rasu. Cikinsu akwai ɗalibai 'yan sakandare kusan 30 da suka zo wani taron matasa a birnin, akwai kuma William Winecoff, mutumin da ya gina otal ɗin, wanda ke zaune a ciki tare da matarsa. Shi ma ya yarda da tallar.

Shekarar ta yi wa Amurka zafi. A watan Yuni gobarar otal ɗin La Salle a Chicago ta ci mutum 61, ta otal ɗin Canfield a jihar Iowa ta ci 19. A 1947 Shugaba Harry Truman ya kira babban taron ƙasa kan rigakafin gobara. Abin da aka fi kai ruwa rana a kansa a wancan lokaci shi ne tambayar da har yau ba ta tsufa ba: in an yi sabuwar doka, tana hawa kan tsohon gini? Masu gidaje suna cewa sun yi gininsu bisa ƙa'idar ranar da suka gina, tilasta musu gyara daga baya tamkar ƙwace ne. Bayan Winecoff wannan hujja ta yi rauni ƙwarai. Birane suka fara neman a killace matakala da ƙofofi masu rufe kansu, a samar da hanyar fita fiye da ɗaya, a daina barin 'yan tagogin saman ƙofa a buɗe, ko da otal ya girmi dokar.

Mu ma mun san wannan gardama, ko da ba da wannan suna ba. Sau nawa muka ga tsohon gidan saukar baƙi an sabunta shi, an sa tayil da gilashi da silin na roba, an ƙara hawa ɗaya a sama, an bi kowace taga da ƙarfen hana ɓarawo, amma matakalar tana nan yadda kakanta ya bar ta? In ka yi magana a ce ai tsohon gini ne, haka aka same shi. Gaskiya ne haka aka same shi, sai dai ba a same shi da na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɗaki a kan tsohuwar waya ba, ba a kuma same shi da jarkokin man janareta a ƙarƙashin matakala ba.

Kada a ɗauka ina cewa a rushe duk abin da ya tsufa. Winecoff kansa ya koyar da ɗaya ɓangaren darasin. An sake buɗe shi a 1951 da sabon suna, da ƙararrawa da matakalar gudu. A 1967 aka mayar da shi gidan tsofaffi, daga baya ya zauna kango fiye da shekara 20 a tsakiyar birni, kowa na tsoron kuɗin da gyaransa zai ci. Sai a 2007 ya dawo otal, da sunan Ellis. Idan aka ce lallai sai tsohon gini ya cika kowane sharaɗi na sabo, layi bayan layi, to ƙarshensa ɗaya ne cikin biyu: ko a bar shi ya ruɓe, ko a fasa duk abin da ya sa ake ƙaunarsa. Kango kuwa ya fi gidan da ake kwana a ciki saurin kamawa da wuta. Wannan ne ya sa jihar New Jersey ta fito da dokar gyaran tsofaffin gine-gine ta daban a 1998, aka kuma samu kundin da jihohin Amurka da dama ke aiki da shi tun daga 2003, mai babi na musamman kan gine-ginen tarihi.

Abin da ya burge ni a wannan babi shi ne yadda ya yi da 'yar tagar nan tamu. Bai ce a cire ta ba, domin tana cikin kamannin ginin. Ya ce otal na tarihi zai iya barin ta, da sharaɗin an kafe ta a rufe, ginin gaba ɗaya yana da bututun yayyafi, kuma akwai kan yayyafi a kowane gefe nata. Tsohuwar babbar matakala ta ado ma ana iya ƙyale ta da makarinta na asali. A ƙaramin gini mai hawa uku ko ƙasa da haka, ana iya karɓar ƙofofi masu rufuwa ruf don tare hayaƙi a maimakon sabon bango. Ka ga ciniki ne, ba yafiya ba. An ɗaga maka ƙafa a nan, ka biya a can. Togaciyar 1911 kuwa ta ba da matakala ɗaya ba ta karɓi komai ba.

Wani sassaucin yana karɓar abu, amma abin da ya karɓa iska ne. Otal ɗin MGM Grand na Las Vegas ba tsoho ba ne, shekararsa bakwai lokacin da ya kama wuta ranar 21 ga Nuwamba, 1980. An yafe masa sa bututun yayyafi a zauren caca da wuraren cin abinci bisa hujjar cewa wurin ba ya rabuwa da mutane dare da rana, wani zai ga wuta ya kashe. Wutar ta tashi daga matsalar wayar lantarki a wani ɗakin cin abinci da yake rufe a lokacin. Mutum 85 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne ya same su a hawan sama. An jingina rayuka a kan idon mutum, mutum kuwa yana tashi aiki, yana gyangyaɗi, ana sauya masa jadawali, takardar sassaucin tana can a fayil ba ta sani ba.

Wanda ya fi kusa da zamaninmu shi ne Cameron House, a bakin tafkin Lomond na ƙasar Sukotland, tsohon gidan masu hali da aka mayar otal na alfarma. Da asubahin 18 ga Disamba, 2017, ma'aikacin dare ya kwashe tokar murhun ɗumama zaure, ya zuba a leda, ya ajiye a wani ɗan sito mai ɗauke da jaridu da ƙiraren hura wuta. Kowace uwa a cikinmu ta san toka takan ɓoye garwashi. An fitar da baƙi sama da 200, biyu suka rasu. Tun kafin ranar, hukumar kashe gobara ta gargaɗi otal ɗin kan ajiye kayan da ke ci a wannan sito. A 2021 kotu ta ci kamfanin tarar fam 500,000.

Tokar ce ta kunna, amma ba ita ta kai wutar sama ba. Tsohon gini yana da ciki: ramuka tsakanin bango da katakon ado, sarari tsakanin tsohon silin da sabo, hanyoyin da mai gyara na farko ya huda, na biyu ya rufe da allo, na uku bai ma san da su ba. Ta nan wuta da hayaƙi suka bi. Shekara guda kafin haka, a Oktoban 2016, otal ɗin Royal Clarence na birnin Exeter a Ingila, wanda ke tsaye tun 1769, ya ƙone da wutar da ta faro daga ginin maƙwabta da ake gyarawa. Lokacin gyara shi ne lokacin da tsohon gini ya fi zama tsirara, an cire ƙofofi, an buɗe bango, ga masu walda ga tarin katako.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka. Garuruwanmu suna da gine-ginen da suka cancanci a adana su, wasu kuma tabbas za su zama masaukin baƙi, domin ta haka ne kawai za su ciyar da kansu. Ranar da mai gyara zai zo wurin jami'i yana roƙon a bar masa tsohuwar matakala ko ƙofar katako ta asali, ba na so a kore shi. Ina so a tambaye shi me zai ajiye a madadi, a rubuta, a kuma rubuta wanda zai riƙa dubawa bayan su biyun sun yi ritaya. A wurinmu tambayar tana da ƙari: bututun yayyafi ba tanki mai ruwa da injin da zai tura shi idan an ɗauke wuta, ado ne kawai.

A Janairun 2023 alƙalin da ya binciki mutuwar baƙin Cameron House, Thomas McCartney, ya fitar da rahotonsa. Ya shawarci gwamnatin Sukotland ta duba wajabta na'urar yayyafi a duk ginin tarihi da za a mayar otal nan gaba, ta kuma kafa kwamitin masana kan haɗarin ɓoyayyun ramukan tsofaffin gine-gine. Sauran shawarwarin ba sa buƙatar injiniya. Otal ya kasance yana da rubutacciyar ƙa'idar kwashe toka, ya kuma kasance yana da hanyar ƙirga baƙinsa nan take idan an fito da su. A daren gobarar an bar jerin sunayen baƙi a cikin ginin, aka ɗauki fiye da awa guda kafin a gane cewa mutum biyu ba sa cikin waɗanda suka fito.