Gwajin sinadarin ƙarfe: jini ya kamata ya yi tafiya, ba mara lafiya ba

Malam Edita,

Ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a asibitocinmu na karkara da ƙananan garuruwa. Mutum zai je asibiti da kasala da jiri da farin ido, a tsira masa allura a yatsa, a auna abin da ma'aikatan lafiya ke kira PCV, a ce masa jininsa ya yi ƙasa, a rubuta masa maganin ƙarin jini, a sallame shi. Tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ya sa jinin ya yi ƙasa, ba kasafai ake yin ta ba, domin gwajin da zai amsa ta ba ya samuwa a kusa. Ra'ayina shi ne hukumomin lafiya na jihohinmu su daina jiran ranar da kowane asibiti zai mallaki na'urar gwajin sinadarin ƙarfe, su shirya hanyar ɗaukar jinin a kai shi inda na'urar take, a dawo da sakamako.

Girman matsalar ba abin musu ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a Najeriya suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Sai dai wannan lissafi ya gaya mana yawan masu ƙarancin jini ne kawai, bai gaya mana dalili ba, kuma haka gwajin PCV ko na himogulobin yake. A ƙasarmu dalilan suna da yawa. Akwai ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, akwai zazzaɓin cizon sauro mai farfasa ƙwayoyin jini, akwai tsutsar ciki da tsargiya masu zubar da jini a hankali, akwai sikila, akwai ciwon ƙoda, akwai haihuwa a jejjere da ba ta ba jikin mace damar farfaɗowa. Dukkansu suna iya ba da lamba iri ɗaya a takardar gwaji, amma maganinsu ya sha bamban.

Gwajin da ke bambance ƙarancin ƙarfe da sauran shi ne na feritin, wanda ke auna ƙarfen da jiki ya ajiye. Himogulobin kamar tuwon da ke cikin kwano ne, feritin kuwa hatsin da ke cikin rumbu. Rumbu yana iya kusan ƙarewa alhali ana ci gaba da ganin tuwo a kwano. Shi ya sa mace take iya fama da gajiya da zubewar gashi da kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa, a auna PCV a ce mata lafiyarta ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce feritin da bai kai 15 ba ga babba, ko 12 ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, alama ce ta ƙarancin ƙarfe. Wannan gwaji ana samun sa a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu a birane. Mai ciki wata bakwai da ke ƙauye mai nisa da babban birnin jiha kuwa, a ce mata ta biya kuɗin mota, ta nemi mai rakiya, ta kwana a gari, ta sake dawowa karɓar sakamako, daidai yake da a ce mata ta haƙura.

Na san abin da za a fara cewa: ƙwayar ƙarfe ba ta da tsada, a ba kowa mana a huta da gwaji. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a wuri guda, wato wurin masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe tare da folik asid kullum, ko an yi mata gwaji ko ba a yi ba, kuma ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Kada wata ta karanta wannan wasiƙa ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta wurin awo. Amma kariya daban, warkarwa daban. A wani babban bincike da aka yi a asibitocin Kano da Legas ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bosede Afolabi, wanda aka wallafa a 2024, an auna feritin na masu ciki da ke da ƙarancin jini, sai aka tarar ƙasa da rabinsu ne ke da ƙarancin ƙarfe. Ma'ana, fiye da rabin waɗannan mata, da za a yi ta ɗura musu ƙarfe har su haihu, ba a taɓa ainihin ciwonsu ba. Kuma a nan gida aka gano haka.

Sa'annan ƙarfe ba abinci ba ne da in ya yi yawa jiki zai fitar da shi. Jikin ɗan Adam ba shi da hanyar zubar da rarar ƙarfe, tara shi yake yi a hanta da zuciya. A nan ne batun sikila ya shigo, kuma shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta kusan jarirai 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Yaro mai sikila kullum jininsa a ƙasa yake, domin ƙwayoyin jininsa ne ke saurin mutuwa, kuma idan an sha yi masa ƙarin jini, kowace leda tana shigar masa da kimanin miligiram 200 na ƙarfe. Irin wannan yaro ne uwa, cikin tausayi da rashin sani, za ta je kemis ta sayo masa kwalbar maganin ƙarin jini, mai kemis kuma ya miƙo ba tare da ya tambayi komai ba. Ko a yaran da ba su da sikila, binciken da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya a kan yara sama da 24,000, wanda aka wallafa a 2006, an dakatar da sashensa na ba da ƙarfe kafin lokaci, saboda an ga a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yaran da aka ba ƙarfe ba tare da tantancewa ba sun fi kwanciya asibiti ko rasuwa. Waɗanda suke da ƙarancin ƙarfen na gaske kuwa sun amfana. Abin da ya raba amfani da cutarwa shi ne sanin wane ne ke da bukata.

Akwai kuma wani haɗari na daban da ba a cika kula da shi ba. Magidanci, ko matar da ta daina al'ada, idan aka tabbatar ƙarfensu ya yi ƙasa, to wajibi ne likita ya nemi inda jini ke zuba: gyambon ciki ne, basir ne, tsutsa ce, ko ciwon daji na hanji. Kwalbar tonik tana iya ɗan ɗaga lambar PCV, hankali ya kwanta, ciwon kuma yana can yana cin jiki.

Ƙorafi na biyu daga masana yake fitowa, kuma ya fi na farko nauyi. Suna cewa feritin yana hawa duk lokacin da jiki ke fama da zazzaɓi ko wani kumburi, don haka a ƙasar sauro irin tamu yana iya nuna ƙarfe ya wadata alhali babu. Gaskiya ne. Amma kuskuren gefe ɗaya yake: idan feritin ya fito ƙasa, babu tantama ƙarfe ya yi ƙaranci. Idan ya fito sama ne ake bukatar lura, kuma a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi tanadin haka, ta ce ga mai fama da cuta ko kumburi a ɗaga ma'aunin zuwa 30 ga ƙananan yara, 70 ga manya. Gwajin zazzaɓi na gaggawa yana nan kusan kowane asibitin mazaɓa, gwajin kumburi na CRP kuma ana iya yin sa da jinin da aka riga aka ɗiba. Wannan ƙorafi hujja ce ta a koya wa ma'aikata karanta sakamako, bai isa hujjar barin gwajin ba.

Saura batun kuɗi da hanya, kuma a nan ne nake ganin babu wani uzuri. Mun riga mun san yadda ake yi. Shekara da shekaru ana ɗaukar samfurin bayan gida na yaran da ake zargin sun kamu da shan-inna daga lunguna mafiya nisa, cikin akwatin sanyi, zuwa ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri, har aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da nau'in daji na ƙwayar cutar a 2020. Tun 2018 akwai tsarin ƙasa na masu babura da ke kwasar majinar gwajin tarin fuka da jinin masu cutar ƙanjamau daga ƙananan asibitoci zuwa manyan ɗakunan gwaji. Ruwan jinin da ake bukata don feritin, idan an tace shi aka sa a sanyi, yana kai kwana bakwai bai lalace ba, don haka zagaye ɗaya a mako ya wadatar. Babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya ɗiba ya tace, babur ya ɗauka, sakamako ya dawo ta wayar hannu. Tara samfura wuri guda ma yana rage tsada, domin abin da ke sa ƙananan ɗakunan gwaji guje wa feritin shi ne sinadaran aikin su lalace kafin a samu isassun masu nema. Kuma ban ce a yi wa kowa ba. A fara da wanda ya sha ƙwaya wata guda jininsa bai motsa ba, da mai sikila, da mai ciwon ƙoda, da namiji ko dattijuwa mai ƙarancin jini, da duk wanda za a yi wa ƙarin ƙarfe ta jijiya. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin wannan aiki aka kafa su domin shi.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ma'aikacin lafiya zai iya yi da ɗan abin da ke hannunsa. Ya yi gwajin zazzaɓi, ya tambayi rukunin jinin sikila, ya duba bayan gida da fitsari, ya nemi cikakken ƙidayar jini inda akwai na'urar, domin ƙanƙancewar ƙwayoyin jini tana nuni ga ƙarancin ƙarfe. Idan ya ba da ƙwaya, ya rubuta lambar farko, ya sa ranar dawowa bayan mako huɗu a sake aunawa, ya kuma gargaɗi mara lafiya kada ya haɗa ta da shayi ko madara, ya ɓoye ta daga yara domin guba ce gare su idan suka haɗiye da yawa. Wanda kuwa numfashinsa ke sarƙewa ko zuciyarsa ke bugawa da sauri, wannan ba ya jiran wani feritin, babban asibiti za a garzaya da shi nan take.

Ina kira ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa da shugabannin hukumomin lafiya a matakin farko da su sa gwajin feritin cikin jerin samfuran da babura ke ɗauka, ko da a ƙananan hukumomi biyu ko uku za a fara a kowace jiha. Ina kuma roƙon ƙungiyoyin masu kemis su umarci mambobinsu su daina sayar wa yaro maganin ƙarin jini sai sun tambayi iyayensa ko yana da sikila.



Mai karanta jaridarku,
daga Kano