Tashar Iska Ta Tarka: Lissafi Kafin A Kafa Ƙarfe

'Yan'uwa, ba mu manta da duhun da muka sha ba a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Wannan ya sa hankali ya koma kan yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da kamfanin Savannah Energy a watan Maris 2022, ta gina tashar samar da wuta daga iska a Tarka, jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250 da injuna kusan 60. Senegal ta riga mu: tasharta ta Taiba Ndiaye, mai injuna 46 da megawat 158, an ƙaddamar da ita a 2020.

To amma irin wannan aiki a kwamfuta ake fara shi. Injiniyoyi sukan yanka fiffiken injin gunduwa-gunduwa a lissafi, su auna ƙarfin da iska ke tura kowace gunduwa, sannan su tara jimilla. Idan ana son ƙarin tabbaci, sai a raba sararin da ke kewaye da injin zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, kwamfuta ta bi tafiyar iska daga wannan zuwa wancan. Da haka ake hasashen wutar da za a samu a shekara, kuma wannan adadi banki yake dubawa kafin ya ba da bashi.

Akwai ƙa'idojin da ba sa canzawa. Masanin Jamus Albert Betz ya nuna cewa babu injin da zai ɗebi fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Haka nan idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki takwas yake yi. Ma'ana, idan aka yi kuskuren kashi 10 wajen ƙiyasta gudun iska, ƙarfin da za a rasa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan injin gaba yana rage wa na bayansa iska, yana kuma hargitsa ta, shi ya sa sai an lissafa tazarar da za a bari tsakaninsu.

A nan ne batun ya shafe mu. Kwamfuta abin da aka ba ta take sarrafawa, kuma mafi yawan gwajin waɗannan lissafe-lissafe a Turai da Amurka aka yi shi. Iskarmu kuwa da halinta. A zafin digiri 40 nauyinta yakan ragu da kusan kashi 8 idan aka kwatanta da digiri 15 da ake ɗauka ma'auni, wutar ma ta ragu. Ƙurar hunturu tana manne wa bakin fiffike tana goge shi, sai santsinsa ya tafi. Da dare kuma a Sahel iskar sama takan yi gudu alhali ta ƙasa ta kwanta, don haka awon da aka yi kusa da ƙasa yana iya ɓatar da mai lissafi.

Saboda haka muna ganin haƙƙin jama'a ne su yi tambaya: an kafa hasumiyar awo mai tsayin injin? An auna iskar aƙalla shekara guda, da hunturu da bazara da damina? An sa ƙura da zafi cikin lissafin? Idan hasashen ya zarce gaskiya, talaka ne zai biya giɓin a kuɗin wuta ko a bashin ƙasa.

Ga ɗalibanmu na jami'o'in Yamai, Maraɗi da Tawa, ƙofa a buɗe take. Akwai manhajojin wannan aiki na kyauta, irin su QBlade da OpenFAST, abin da suke buƙata shi ne lissafi, kimiyyar fiziks da haƙuri. Ƙasar da ba ta da masu iya bin diddigin lissafin ɗan kwangila, abin da aka faɗa mata kawai za ta sa wa hannu. Allah ya sa mu dace.