Hunturu Ba Shi Ya Kunna Wa Bola Wuta Ba

Duk shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai jimlar da ake toshe bakin jama'a da ita a ƙasar Damagaram: "Ai hunturu ne." Yaro ya kwana ƙirjinsa na kuka kamar ana busa sarewa, a ce hunturu ne. A yi layi a gidan likita da masu ciwon fuka, wanda wasu ke kira asma, nan ma hunturu ne. Maganar nan ta yi wa masu mulki daɗi ƙwarai, domin ba a kai ƙarar iska gaban alƙali, ba a kuma tsige ta daga kujerar magajin gari.

Mu ba hunturu haƙƙinsa tukuna. Yawancin ƙurar da ke rufe mana rana tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi garin ƙasar mai laushi, ta watso mana. Wannan kam babu gwamnan da zai tare ta. To amma wa ya kunna wa bolar bakin kasuwa wuta? Wa ya tara tsofaffin tayoyi yana babbakar kai da ƙafa da su? Wa ya bar motar da Turai ta yar shekaru ashirin da suka wuce tana tafiya tana amayar da baƙin hayaƙi a tsakiyar gari? Bodele ce ta yi waɗannan?

Abin da ya sa lokacin sanyi ya fi muni a birni ma yana da bayani. Da asuba iska mai sanyi tana kwantawa ƙasa, mai ɗumi ta zauna a bisanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin bola da na kabu-kabu da na janareto da na murhu ba ya samun hanyar tashi, sai ya tsaya daidai tsayin mutum. A daidai wannan lokacin ne yara ke tafiya lakwal. Ƙurar hamada ta samu hayaƙin gari, su haɗu su shiga ƙirjin yaro ɗan shekara bakwai.

Masana suna auna wasu ƙananan ɓurɓushi da suke kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30. Hanci ba ya tace su. Suna wucewa har can ƙarshen huhu. A jikin mai fuka, hanyoyin numfashi dama a kumbure suke. Da ɓurɓushin ya taɓa su sai su tsuke, majina ta cika su, mutum ya koma kamar mai shaƙar iska ta cikin karan dawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da fuka a duniya, kuma ta kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe irin namu inda magani ke wuya. A 2021 hukumar ta rage iyakar PM2.5 da ta yarda da ita zuwa maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin shekara.

Masu cewa babu alaƙa tsakanin hayaƙin titi da gadon asibiti, su dubi birnin Atlanta na Amurka. A 1996, lokacin wasannin Olimfik, an rage zirga-zirgar motoci na kwana 17. Da likitoci suka koma kan rajista, sai suka ga yaran talakawa da ake garzayowa da su saboda fuka sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A Landan kuwa, wata yarinya 'yar shekara 9, Ella Adoo-Kissi-Debrah, da ke zaune kusa da babban titi, ta rasu a 2013 bayan an kai ta asibiti kusan sau 30 cikin shekara uku. Mahaifiyarta ta ƙi yin shiru, har a Disamban 2020 kotun binciken mutuwa ta rubuta gurɓatar iska cikin dalilan rasuwarta. Mu a nan da an ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare, mun yi imani. Amma ko wanda mota ta take kwanansa ne ya ƙare, kuma hakan bai hana jandarma tsare direba ba.

Wani zai ce, kai malamin ƙauye a Guci, ina ruwanka da hayaƙin birni? Ruwana da tsaki. Da an gama girbi samarinmu na Dungass da Magaria suke watsuwa cin rani, wasu Damagaram, wasu Kano, daidai lokacin da iskar birni ta fi lalacewa. Su ne masu tura baro a tasha, su ne masu kabu-kabu, su ne masu sayar da ruwa-ruwa a kwalba a bakin titi. Almajiranmu a can suke kwana, suna jin ɗumin wutar leda da roba. Birni ya ci ƙarfinsu, ya maido mana da tari. Idan kuma numfashi ya sarƙe wa yaro cikin dare a ƙauye, sai a nemi moto zuwa Dungass ko Magaria, in abin ya fi ƙarfin nan a nufi babban asibitin Damagaram. Kulawar kyauta da aka soma a 2006 ta tsaya ne a kan 'yan ƙasa da shekara biyar, ita kuwa fuka ba ta san an cika shekara biyar ba. Ni da ke kiran suna kowace safiya na san bencin da ke zama fanko idan hazo ya sauko.

Kuma fa ba doka muka rasa ba. Tun Nuwamban 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da baƙar leda da sayar da ita. Ku fita ku dubi itatuwan bakin gari ku gaya mini ko leda ta ji labarin dokar. Ita ce ke cika bola, ita ake ƙonawa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa cewa 'yan kasuwar Turai na sayar wa Afirka gazuwal mai sinadarin sulfa da ya ninka iyakar Turai ɗaruruwan sau. A 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince da tsaftace mai da taƙaita shekarun tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Yanzu mun fita daga CEDEAO, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Sai dai ƙasar da ta ce ta karɓi ragamar kanta, ita ce ya kamata ta fi kowa kishin huhun 'ya'yanta.

Ga kuma abin takaici. Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ ke aiki a jiharmu, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kuma tana fitar da gas na girki. Amma har gobe mata da yawa a jihar da ke da matatar suna duƙe gaban murhun itace da kara da kashin shanu, goyo a baya yana shaƙa tare da su.

Na san hujjar da za a kawo: masassarar cizon sauro da tamowa sun fi gaggawa. Wanda ya san yadda sashen yara na Magaria ke cika da damina ba zai raina wannan ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa kafin shekara biyar, hayaƙin cikin gida na da hannu a ciki. Yaron da tamowa ta raunana shi ne hayaƙi ke fara kayarwa. Kuma hana ƙona bola kusa da makaranta ba ya cin miliyoyi. A wata makaranta da na koyar, kowace safiya ana sa yara shara, a tara, a cinna wuta ƙarƙashin tagar aji. Da na yi magana aka ce mini tsafta ce.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kowace likita tana da rajista. Hukumar lafiya ta jiha ta fitar da adadin masu fuka da ciwon huhu da aka kwantar wata-wata, unguwa-unguwa, a karanta a rediyo da Hausa. A kafa na'urorin auna iska a tasha da babbar kasuwa. Akwai ƙanana da kuɗinsu bai kai na moto guda ba. Ranar da awo ya haura, a sanar, iyayen masu fuka su shirya. A ajiye maganin shaƙa a kowace likitar karkara, mai buɗe ƙirji da mai hana tashin ciwon, a kuma faɗa wa mutane cewa ba maganin wanda ya kusa mutuwa ba ne kamar yadda ake yaɗawa. Majalisun gari kuwa su ba mahauta wata hanyar babbaka, su kwashe bola kafin wani ya ƙyasta mata ashana, su fara da wadda ke jikin katangar makarantu.